Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Sanata Aminu Waziri Tambuwal: in kamfanin inshora ya karye, wa zai saurari mai takarda?

Mai girma Sanata, Mutawallen Sakkwato,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto maka ne a kan wata magana ta doka. Na zaɓe ka daga cikin wakilanmu saboda kai lauya ne, a nan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ka karanta shari'a, ka shugabanci Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, ka mulki wannan jiha shekara 8, yanzu kuma kana zaune a Majalisar Dattawa, inda ake rubuta dokokin da zan yi magana a kansu. Ni ma'aikacin lissafi ne, sana'ata riƙe wa 'yan kasuwa littattafansu a nan birnin Shehu, don haka takardun bashi da na inshora suna yawan bi ta hannuna.

Kukana shi ne: hukuma ta wajabta mana yin inshora, 'yan sanda suna tare mu a kan titi suna neman takarda, amma ranar da kamfanin da ya karɓi kuɗinmu ya durƙushe, mutumin Sakkwato ba ya sanin an fara shari'a, balle a ji ta bakinsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani hukunci da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke ranar 6 ga Yuni, 2024. Ba dokarmu ba ce, kuma ba ya ɗaure kowace kotu a Najeriya, amma tambayar da ya amsa ita ce ke gabanmu.

Kamfanin Kaiser Gypsum da uwar kamfaninsa Hanson Permanente Cement sun daɗe suna sayar da kayan gini masu ɗauke da asbesto, ma'adinin nan da ƙurarsa ke shiga huhu ta kwanta shekara da shekaru kafin ta zama ciwon daji. Mutane dubbai suka kai su ƙara. A 2016 kamfanonin suka je kotu suka ce sun karye, suna neman a sake musu tsari a ƙarƙashin Babi na 11 na dokar fatara ta Amurka, wanda ke ba kamfani damar ci gaba da aiki yayin da ake shirya yadda zai biya masu binsa. To amma mafi yawan diyyar ba daga aljihunsu za ta fito ba. Wani kamfanin inshora mai suna Truck Insurance Exchange ne ya tsaya musu daga 1965 zuwa 1983, kuma yarjejeniyar ta ɗora masa kare su a kotu da biyan har dala 500,000 a kan kowace ƙara.

Da aka zo tsara yadda za a biya, sai aka raba masu neman diyya gida biyu. Waɗanda inshora bai rufe ba za su nemi haƙƙinsu daga wani asusu na musamman, kuma dole kowannensu ya bayyana inda da inda ya taɓa shaƙar asbesto, da wasu asusun da ya riga ya nemi kuɗi a wajensu. An sa wannan sharaɗi ne don kada mutum ya karɓa a wuri biyu ko uku a kan ciwo ɗaya. Waɗanda inshora ya rufe kuwa, wato waɗanda Truck zai biya, ba a ɗora musu wannan sharaɗi ba. Truck ya ce bai yarda ba: inda kuɗin kamfanin zai fita an sa tsaro, inda nawa zai fita an bar ƙofa a buɗe. Ƙananan kotuna har da kotun ɗaukaka ƙara suka ce masa ba shi da hurumin magana, tunda tsarin bai canza ko harafi ɗaya a yarjejeniyarsa ba, bai kuma ƙara masa nauyin da ba ya kansa tun farko ba.

Kotun Ƙoli ta rushe wannan. Alƙalai 8 ne suka yanke, ba wanda ya saɓa, Mai shari'a Samuel Alito bai shiga ba, Mai shari'a Sonia Sotomayor ce ta rubuta. Ta ce sashe na 1109(b) na dokar fatara ya ba duk mai ruwa da tsaki damar ya ta da magana a saurare shi, kuma wanda zai biya kuɗin kai tsaye yana cikinsu. Hujjar da ta fi kama ni ita ce wannan: kamfanin da ya karye ba shi da dalilin damuwa da yawan diyyar tunda ba shi zai biya ba, masu neman diyyar su ma ba za su nemi a rage ba, don haka idan aka rufe bakin kamfanin inshora, ƙila ba sauran wanda zai nuna inda tsarin ya karkace. Kotun ta kuma iyakance abin da ta bayar. Damar a saurare ka ce, ba ƙuri'a ba ce, ba kuma ikon hana tsarin wucewa ba ne. Ba ta ma ce ƙorafin Truck gaskiya ne ba, ta mayar da shari'ar ƙasa a duba.

Mako 3 bayan haka, ranar 27 ga Yuni, kotun ta sake yanke wani hukunci a shari'ar Purdue Pharma, masu ƙwayar OxyContin mai rage ciwo da ta jefa mutane da yawa cikin jaraba, da rinjayen 5 a kan 4. Iyalan Sackler, masu kamfanin, sun yi tayin biyan har dala biliyan 6 a kan sharaɗin a rufe duk wata ƙara a kansu, ko waɗanda ƙwayar ta cutar sun yarda ko ba su yarda ba, alhali su iyalan ba su shiga fatara ba. Kotu ta ce dokar ba ta ba da wannan dama ba. A na farko mai kuɗi ne ya ci, a na biyu masu kuɗi ne suka faɗi, amma ni a ganina tushen ɗaya ne: ba a zama a yanke abin da zai faru da haƙƙin mutum ba da saninsa ba.

Na yarda da hukuncin Truck, amma ba zan ɓoye maka abin da ke damuna a cikinsa ba. Mutumin da ciwon asbesto ya bayyana a jikinsa sau da yawa ba ya daɗewa. Duk bakin da aka ƙara a kotu, lokaci aka ƙara, kuma kamfanin inshora yana da lauyoyin da za su iya jan magana har mai haƙƙi ya rasu. Idan haka take a Amurka, ina ga nan, inda kai da kanka ka san yadda ake ɗaukaka ƙara a kan ƙaramar magana ta hurumi, a bar asalin shari'ar tana jira shekaru? Don haka ba cewa nake a kwafo hukuncin a liƙa mana ba. Duk damar magana da za a bayar a dokarmu, sai an haɗa ta da wa'adi gajere wanda ba a ƙetarewa.

Ranka shi daɗe, a wajenmu abin juye yake. Babban kamfani ba ya rasa kujera a kotu. Wanda ake barin sa a waje shi ne mai takarda, wato wanda ya biya kuɗi ya karɓi takardar inshora: direban da ke jigila tsakanin Sakkwato da Illela, mai shago a babbar kasuwa, matar da mijinta ya rasu yana aiki, tsohon ma'aikacin da ya miƙa fanshonsa.

Dubi yadda doka ta tura mu hannun waɗannan kamfanoni. Daga 1 ga Janairu, 2023, hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta ƙaramar mota daga naira 5,000 zuwa naira 15,000, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya in ka lalata dukiyar wani zuwa naira miliyan 3. Daga 1 ga Fabrairu, 2025, 'yan sanda suka fara tilasta ta a faɗin ƙasa. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai da ba ta gaza ninki 3 na albashinsu na shekara ba. Ita dai wannan dokar ta ba mai ritaya zaɓi: ko ya bar kuɗinsa a hannun mai kula da fansho ana tsakura masa, ko ya miƙa su ga kamfanin inshorar rai a kan alkawarin za a riƙa biyan sa duk wata har ƙarshen rayuwarsa. Wannan na ƙarshen shi ya fi tsaya mini a rai. Mutum ya yi shekara 35 yana aiki a jami'a ko asibitin koyarwa ko rundunar 'yan sanda, ya kwashe gumin nan gaba ɗaya ya damƙa, ba shi da wata dama ta komawa baya. Na san wani dattijo a unguwarmu da ya yi haka. Wata rana saƙon shigar kuɗi ya daina zuwa. Ya kira lambar da ke jikin takardarsa har ya gaji, ya je ofishin wakilin da ya shigar da shi ya tarar an tashi. Ba ya neman sadaka, tambayarsa kawai ita ce ina zai je ya faɗi abin da yake bi, kuma wa zai gaya masa gaskiyar halin da kamfanin ke ciki.

Kuma ba hasashe nake ba, kamfanonin inshora suna faɗuwa a ƙasar nan. A 2022 NAICOM ta soke lasisin Niger Insurance da Standard Alliance Insurance, ta naɗa waɗanda za su tattara kadarorinsu. A Oktoban 2024 ta sauke shugabannin African Alliance Insurance ta naɗa na riƙo, bayan kukan 'yan fansho da ba a biya ba. Hukumar ta yi aikinta da ta shiga tsakani, ban ga laifinta a nan ba. Abin da nake tambaya shi ne abin da ke biyo baya. Kusan duk waɗannan kamfanoni hedikwatarsu na Legas. Sashe na 251 na Kundin Tsarin Mulki ya ba Babbar Kotun Tarayya hurumin shari'ar kamfanoni, kuma a can inda kamfanin yake ake zama. Sanarwa tana fita a jaridun Turanci da mujallar gwamnati. A rubuce, duk mai bin bashi yana da damar ya kai hujjarsa. A aikace, mutumin Gwadabawa ko Yabo ko Sabon Birni da ke bin naira 400,000 zai kashe fiye da rabinta tsakanin kuɗin mota da masauki da lauya kafin ya ga fuskar alƙali, in ma ya ji labarin zaman. Damar da mutum ba zai iya kaiwa gare ta ba, da ita da babu duk ɗaya.

Tsohuwar dokar inshora ta 2003 ta nuna yadda ake kallon mai takarda. Kafin masu takarda su iya neman kotu ta rushe kamfani, sai sun kai mutum 50, kowanne takardarsa ta shekara 3, sannan da amincewar hukuma. Wajen rabo kuma, sai an fitar da kuɗin aikin rushewar, an biya masu bashin da ke riƙe da jingina, sannan a zo kansu. Wato bankin da ya ba kamfani rance da idonsa a buɗe, ya auna haɗari, ya karɓi jingina, ya ci riba, shi ne a gaba, wanda doka ta tilasta wa ya zuba kuɗinsa kuma yana baya. Wannan kashin dankali ne tsantsa.

Yanzu an yi sabuwar doka. A 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar gyaran harkar inshora, wadda ta fito daga kwamitin Majalisar Dattawa na bankuna da inshora ƙarƙashin Sanata Adetokunbo Abiru. Akwai alheri a cikinta, kuma na yaba wa majalisa. Ta ɗaga jarin da kamfani zai mallaka: naira biliyan 10 ga masu inshorar rai, biliyan 15 ga masu ta dukiya, biliyan 35 ga masu yi wa kamfanonin inshora inshora, aka ba su wa'adin shekara guda. Ta kuma tanadi asusun kare masu takarda idan kamfani ya kasa biya. Sai dai, ranka shi daɗe, mun san abin da ƙarin jari ke haifarwa. Lokacin da Babban Banki ya yi irin wannan a 2005, bankuna 89 suka koma 25. Da aka yi wa kamfanonin inshora a 2007, kusan rabinsu suka ɓace, wasu ta haɗewa, wasu ta rufewa. Wannan karon ma wasu za su haɗe, wasu za a saye su, wasu za su mutu. Kowace haɗewa tana nufin an ɗauki alkawarin da aka yi wa mutum an miƙa wa wani kamfanin da bai taɓa jin sunansa ba. Kowace rufewa tana nufin rabo. A duka biyun za a zauna a yanke abin da zai faru da kuɗin mutanenka, kuma lokacin shirya musu kujera a wannan zama shi ne yanzu, ba bayan an gama ba.

Akwai misali a gida da ke nuna abin mai yiwuwa ne. Da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, hukumar NDIC mai lamunce kuɗin masu ajiya a banki ta yi amfani da lambar BVN ta gano asusun mutane a wasu bankuna ta tura musu kuɗinsu, har zuwa naira miliyan 5 da doka ta lamunce, da yawa ba tare da sun je ko'ina ba. Masu ajiyar da ta haura haka sun sha jira, amma ƙaramin mai ajiya ya san iyakar abin da aka lamunce masa tun kafin bankin ya faɗi. Mai takardar inshora yana buƙatar irin wannan sani. Asusun da sabuwar doka ta tanada ba zai yi amfani ba sai mutum ya san nawa ne iyakar abin da zai samu, cikin kwana nawa, kuma ina zai kai kuka in an ƙi shi.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga wannan fanni, kuma ba sai mun je Amurka za mu koyi asalinsa ba. Malamanmu na zaure suna karantar da babin taflisi, wato hukuncin wanda bashi ya karya, a littattafan Malikiyya tun kafin a kafa kotun Bature a ƙasar nan. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa labarin wani mutumin Juhaina da ke sayen raƙuma da tsada a kan bashi don ya riga alhazai isa, har ya karye. Da maganar ta je gaban Sayyidina Umar, abin da ya fara yi shi ne shela a bainar jama'a: duk mai bin mutumin nan bashi ya zo da safe, za a raba dukiyarsa a tsakaninsu. Shela ta riga rabo. An yi ta kuma a wurin da masu haƙƙi suke, da harshen da suke ji. Haka nan hadisi ya tabbata cewa wanda ya tarar da kayansa su da kansu a hannun wanda ya karye, shi ya fi cancanta da su a kan sauran masu bashi. Malamai sun yi bayani dalla-dalla a kan yadda alƙali ke hana mai fatara taɓa dukiyarsa, da yadda ake rabo gwargwadon abin da kowa ke bi, da hukuncin mai bashin da ya bayyana bayan an raba. Wanda ya tashi da wannan karatu ba zai ga wani sabon abu a cewa a saurari duk mai haƙƙi ba. Mamakinsa shi ne yadda tsarinmu na zamani ya gaza kai wa nan.

Wannan ya kawo ni kan takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, kuma a nan nake roƙon ka tsaya sosai. Ka fi kowa sanin gobarar da ta cinye babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, domin kai ne gwamna a lokacin, kai ka je ka tsaya a cikin tokar. Ka ga mutanen da suka kwana da dukiya suka wayi gari ba su da ko jarin tebur. Mafi yawansu ba su da wata inshora, wasu saboda shakkar halaccinta, wasu saboda ba su taɓa ganin wanda aka biya ba. Tun daga lokacin ake ta jan hankalin 'yan kasuwa zuwa takaful, wanda NAICOM ta fitar wa da ƙa'idoji a 2013, kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suka samu lasisi a 2016. Ni kaina ina cikin masu ba da wannan shawara ga waɗanda nake riƙe wa littafi, domin na ga abin da wuta ke yi. Amma ginshiƙin takaful shi ne kuɗin da mahalarta suka zuba nasu ne, asusu ne na taimakon juna, kamfanin wakili ne kawai mai juya shi. To idan wakilin ya karye, ina makomar asusun? Dole doka ta faɗa ƙarara, ba a takardar ƙa'ida kawai ba, cewa wannan asusu ba ya shiga cikin dukiyar da masu bin kamfanin bashi za su raba, kuma alƙalin da ke zaune a kan shari'ar ya san haka tun ranar farko. Idan aka wayi gari wani kamfani ya faɗi da kuɗin 'yan kasuwar Sakkwato, aka biya banki da zubinsu, to an gama da maganar takaful a wannan yanki har 'ya'yanmu su girma. Malamin da ya ce musu halal ne shi ma ba za su sake sauraren sa a kan wannan ba.

Akwai kuma ɗaya fuskar, wadda ta fi kama da shari'ar Truck. Dokar kamfanoni ta 2020 ta kawo hanyoyin ceto kamfani kafin ya mutu, kamar naɗa masa mai riƙo ko yin sulhu da masu binsa bashi. Abu ne mai kyau. Amma ɗauki kamfanin sufuri da motarsa ta yi haɗari a hanyar Gusau, mutane suka rasu, kafin a gama shari'a kamfanin ya shiga irin wannan tsari. Iyalan mamatan suna da haƙƙi a kan kuɗin inshorar motar, kamfanin inshorar kuma yana da haƙƙin ya tabbatar da cewa waɗanda aka lissafa da gaske suna cikin motar. Duka biyun ya kamata a kira su. Ba na cikin masu ganin duk lokacin da kamfanin inshora ya yi tambaya gudun biya yake. Da'awar ƙarya tana nan, kuma duk naira ɗaya da maƙaryaci ya karɓa daga dukiyar kamfanin da ya karye, daga rabon mai gaskiya aka cire ta.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin kujerarka ba. Sashe na 88 na Kundin Tsarin Mulki ya ba majalisa ikon bincike a kan yadda ake aiwatar da dokokin da ta yi. Ka gabatar da ƙudurin da zai sa kwamitin bankuna da inshora ya kira Kwamishinan Inshora, Olusegun Omosehin, a zaman da jama'a za su gani, ya bayyana inda aka kwana a rabon kadarorin kamfanonin da aka soke lasisinsu a 2022: nawa aka tattara, nawa aikin tattarawar ya ci, masu takarda nawa aka biya, kuma nawa ne daga jihohin Arewa maso Yamma. Amsar waɗannan tambayoyi ita za ta nuna wa majalisa ainihin inda gyara yake.

Sannan a rubuta a doka, ko a ƙa'idojin da za a fitar ƙarƙashinta, cewa duk wanda ke riƙe da takardar kamfanin da za a rushe ko a haɗe ko a miƙa alkawuransa ga wani, mai ruwa da tsaki ne, kuma ba a ɗaukar mataki sai an sanar da shi. Sanarwar ta zo ta wayarsa, tunda kamfanin ya karɓi lambarsa ranar da ya karɓi kuɗinsa, ta kuma fita a gidajen rediyon jiha irin su Rima, da harshen Hausa. Muna da reshen Babbar Kotun Tarayya a nan Sakkwato. Me zai hana mai takarda ya shigar da da'awarsa ko ƙorafinsa a rajistar wannan reshe, a takarda mai sauƙi, ba tare da lauya ba, a aika ta inda ake shari'ar, in da buƙata ya yi magana da alƙali ta bidiyo? Wannan ma Babban Alƙalin kotun zai iya yin sa da umarnin aiki, in ya ga majalisa ta damu. Kuma tunda mutum dubu goma ba za su yi magana ɗaya bayan ɗaya ba, kotu ta naɗa wa masu takarda wakili tun a zaman farko, a biya shi daga dukiyar kamfanin kamar yadda ake biyan mai tattara kadara, ya ga duk lissafin da bankuna ke gani, ya iya ƙalubalantar sayar da gini ko fili a kan farashin da bai kai ba. A wajen sayar da kadara ne haƙƙin mutane ya fi salwanta, domin a nan ne ba mai ido.

Na san za a ce wannan zai ƙara jinkiri da kashe kuɗi. Zai ƙara kaɗan. Shi ya sa na ce a sa wa'adi, a kuma hana ɗaukaka ƙara a kan ƙananan matakai dakatar da biyan 'yan fansho da magadan mamata. Waɗannan a fara biyan su daga asusun kariya, asusun ya koma ya bi kamfanin, domin shi yana iya jira, tsoho mai sayen maganin hawan jini duk wata ba ya iyawa.

Ina kuma roƙon ka haɗa kai da Sanata Aliyu Magatakarda Wamakko da Sanata Ibrahim Lamiɗo a kan wannan, domin ba maganar jam'iyya ba ce. Idan an sa ranar zaman, a gayyaci shugabannin 'yan kasuwa, da ƙungiyar direbobi, da ƙungiyar 'yan fansho, da malaman fiƙihu daga Sakkwato, su faɗi abin da suka gani da bakinsu. Ni da abokan sana'ata a shirye muke mu taimaka musu su tattara takardunsu kafin ranar.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka. Wassalam.

Naka,
Wani ma'aikacin lissafi, Sakkwato.